Yadda za ka kare albashinka idan ka ji rauni a bakin aiki ko aka ce an biya ka fiye da ƙima

Abu biyu ne ke yawan haɗuwa a kan ma'aikaci ɗaya. Inji ya datse masa yatsa, ya kwanta jinya wata biyu, albashi na shiga kamar kullum. Ranar da ya dawo sai akanta ya kira shi ofis ya ce kuskure aka yi, kuɗin da aka tura masa sun zarce, za a cire. A Najeriya doka ta yi magana a kan duka biyun, kuma kwanan wata ne ke raba gardama.

Fara da batun cire kuɗin. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya yarda mai aiki ya karɓi abin da ya biya bisa kuskure, amma na wata uku kacal da suka gabaci watan da aka gano kuskuren. A ce tun Janairu ake ƙara maka naira 15,000 duk wata, ba a farga ba sai a Agusta. Abin da za a iya yanka daga albashinka shi ne na Mayu da Yuni da Yuli, wato naira 45,000. Sashen ya kuma ce jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta haura kashi ɗaya cikin uku na albashin watan. Mai ɗaukar naira 90,000 ba za a taɓa masa fiye da 30,000 ba. Riƙe albashin wata ɗungurungum da sunan biyan bashi ya saɓa wa doka.

Don haka kada ka sa hannu a kowace takarda nan take. Nemi a rubuto maka watannin da aka yi kuskuren, adadin kowane wata, da ranar da aka gano. Ka gwada da takardun albashinka da bayanan asusunka na banki. Sau da yawa abin da ake kira ƙari kuɗin aikin bayan lokaci ne ko ariyas da aka manta an biya. Idan kuskuren gaskiya ne, ku tsara biya kaɗan-kaɗan a rubuce.

A lura, wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan akawu. Manaja ko ƙwararre irin injiniya, takardar ɗaukarsa aiki da ƙa'idojin ma'aikatarsa zai duba.

Sai jinya. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci albashin kwanakin aiki 12 a shekara idan ya yi rashin lafiya, muddin likita mai rajista ya ba da shaida, kuma mai aikin na da damar tura shi wurin likitan da ya zaɓa. Takardar kemis ko ta mai ɗori ba ta wadatarwa, ko da kuwa ɗorin ya yi kyau.

Rauni a bakin aiki kuwa hanyarsa daban, kuma nan ne mutane suka fi yin asara, domin ana lissafa musu shi cikin kwana 12 ɗin nan a rufe magana. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai riƙe da asusun inshorar ma'aikata, kula da magani da diyya, daga asusun da masu aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu. Haramun ne a cire wannan kaso daga albashinka. Hatsarin da ya same ka a hanya tsakanin gida da wurin aiki ma yana iya shiga ciki.

Ka sanar da mai aikin cikin kwana 14. Ka yi shi a rubuce, da sunanka da adireshi, rana da lokaci, wurin da abin ya faru da irin raunin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Idan kana kwance, iyalinka su kai. Faɗa wa shugaban sashe da baki ba ya barin shaida, bayan wata shida zai iya cewa bai tuna ba. Shi mai aikin kwana 7 gare shi ya kai rahoto ga hukumar, kai kuma shekara 1 gare ka ka shigar da buƙatar diyya. Kada ka dogara da cewa "kamfani na bin maganar"; je ofishin NSITF na jiharka da kanka, da rahoton likita da rasit na magani da sunayen waɗanda suka ga hatsarin, ka tabbatar an buɗe fayil.

Wasu masu aikin kan miƙa 'yan kuɗi a ambulan su ce a sa hannu an yafe komai. Dokar ba ta amince da yarjejeniyar da ma'aikaci zai sarayar da diyyarsa ba.

Idan an ƙi sauraronka, kai ƙorafi ga ƙungiyarku ta ƙwadago ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka. In abin ya faskara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar.