Yadda Ƙaramin Kamfani Ke Samun Tallafin Gwamnatin Amurka Don Ƙera Na'urorin Maikiro da Nano

Kaurin silin gashin kai yakan kai maikiromita 50 zuwa 100. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kuma kashi ɗaya cikin dubu na maikiromita. A wannan ƙanƙanta ake ƙera ƙwayar da ke sa waya ta gane an juya ta, da 'yan siraran hanyoyin ruwa da ke gwada jini da ɗigo ɗaya. Irin wannan ƙira tana buƙatar ɗaki mara ƙura da na'urorin da wasunsu ke cin miliyoyin daloli, abin da ƙaramin kamfani ba zai taɓa iya saya da aljihunsa ba.

Gwamnatin Amurka ta shiga lamarin gadan-gadan tun 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya sanar da shirin ƙasa na fasahar nano, majalisa kuma ta kafa masa doka a 2003. Ga ƙaramin kamfani, tallafin ƙofa biyu ne: kuɗin bincike, da ɗakunan ƙira na jami'o'i da gwamnati ta zuba wa kuɗi don kowa ya shiga ya yi aiki. Yawancin masu nema sukan ruga wajen kuɗin tukuna. Shawararmu ita ce a fara da ɗakin, domin a can ake sanin ainihin abin da za a rubuta a takardar neman kuɗin.

Fara duba ko ka cancanta

Shirin kuɗin shi ne SBIR, tallafin bincike ga ƙananan kamfanoni, wanda aka kafa a 1982, da ƙaninsa STTR na 1992, na aikin haɗin gwiwa da jami'a ko cibiyar bincike. Duk hukumar tarayya da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da take bayarwa waje, dole ta ware kashi 3.2 cikin ɗari ga ƙananan kamfanoni. Hukumomi 11 ne ke cikin SBIR, amma mai ƙira a matakin maikiro da nano zai fi yawan cin karo da hukumar kimiyya ta NSF, sai ma'aikatar makamashi da ta tsaro.

Sharuɗɗan ba su da sassauci. Kamfanin ya kasance na neman riba, mai zama a Amurka, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, kuma sama da rabinsa mallakin 'yan ƙasa ne ko masu katin zama na dindindin. Wannan shi ya fi shafar 'yan uwanmu da suka je karatun digiri na uku daga Najeriya ko Nijar: bizar ɗalibi ba ta isa a riƙe rinjayen hannun jari a nemi tallafin ba, sai dai a haɗa gwiwa da wanda ya cika sharaɗin. A NSF, jagoran binciken dole ne babban aikinsa ya kasance a kamfanin, kuma a cikin Amurka za a yi binciken duka. Tun sabunta dokar a 2022 ana kuma tambayar alaƙar kamfani da ƙasashen waje, musamman Sin, Rasha, Iran da Koriya ta Arewa. A faɗi gaskiya a wannan fom ɗin, ɓoye alaƙa kan sa a dawo da kuɗin da aka riga aka ci.

Dokar shirin tana da wa'adi, majalisa ce ke sabunta ta, kuma sabuntawar 2022 ta tsaya a 30 ga Satumba 2025. Saboda haka kafin ka zauna rubutu, leƙa shafin hukumar ka tabbatar tana karɓar takardu a lokacin.

Je ɗakin ƙira kafin ka rubuta komai

A 2015 NSF ta haɗa cibiyoyin ƙirar nano 16 a ƙarƙashin wani tsari mai suna NNCI da dala miliyan 81 na shekara biyar, ta sake sabunta shi a 2020. Cikinsu akwai ɗakunan jami'o'in Cornell, Stanford, Harvard da Georgia Tech. Kamfani yana biyan kuɗin amfani gwargwadon sa'o'in da ya yi a kan kowace na'ura, kuma farashinsa ya fi na ɗalibai tsada.

Ka rubuta wa mai kula da baƙin masu amfani, ka tura masa jerin matakan ƙirarka ɗaya bayan ɗaya: wane faifai (siririn farantin silikon ko makamancinsa da ake ƙira a kai), wane shafi za a ɗora, kaurinsa nawa, da me za a sassaƙa shi, zafi nawa zai sha. Injiniyoyin ɗakin za su zauna da kai su duba. Wannan zaman ya fi duk wata shawara da za ka saya da kuɗi, domin a nan ake gano matakin da ba zai yiwu ba.

Babban abin da ke rusa tsari shi ne gurɓata. Zinariya tana ratsa silikon idan ya yi zafi, ta lalata yadda lantarki ke gudana a cikinsa. Gishirin gumin yatsa ma yana canja ƙarfin wutar da taransista, wato ƙaramin makunnin lantarki, ke kunnuwa da shi. Don haka ɗakuna suke raba na'urorinsu gida-gida, faifan da ya taɓa zinariya ba ya sake shiga tanderu mai tsabta har abada. Idan tsarinka ya sa zinariya a mataki na uku, alhali mataki na shida yana buƙatar tanderun, to sai an sake jera matakan, ko a sauya ƙarfen. Gano wannan a kan takarda aikin awa ɗaya ne. Gano shi bayan an karɓi kuɗi kuwa yakan cinye watanni.

Abu na biyu shi ne zaɓen na'urar zane. Mai haska faifai ta cikin allon zane da aka manna masa tana iya fitar da layi mai faɗin kusan maikiromita ɗaya, tana da sauri da araha. Mai zane da ƙwayoyin lantarki tana sauka ƙasa da nanomita 20, amma ɗigo-ɗigo take rubutawa, faifai guda na iya cinye sa'o'i masu yawa, kowace sa'a kuma kuɗi ce. Dabarar ita ce a ba ta ƙananan sassan da dole sai ita, manyan wayoyi da wuraren jona su kuma a bar wa mai haske.

Kafin a ba ka katin shiga akwai yarjejeniya tsakanin kamfaninka da jami'ar, da takardar inshora, da horon kariya, sannan horo a kan kowace na'ura daban. Ka ware wa wannan makonni da dama a jadawalinka. Ka karanta sashen mallakar fasaha da kyau, musamman idan ma'aikatan jami'ar ne za su yi maka aikin da hannunsu.

Kada a yi wasa da horon kariyar. Asid ɗin HF da ake cinye gilashin silikon da shi ba ya zafi nan take idan mai ruwa-ruwa ne, sai ya ratsa fata ya kama sinadarin kalsiyam na jiki, zafin ya zo bayan sa'o'i. Duk inda ake aiki da shi dole a ajiye man kalsiyam gulukonet kusa. Ruwan wanki da ake kira firana, kashi uku na asid ɗin salfa da kashi ɗaya na haidurojin feroksaid, yana iya fashewa idan ya haɗu da asiton, kuma ba a toshe kwalbarsa da murfi mai ƙarfi.

Lissafin kuɗi: a ƙirga zagaye, ba na'ura ɗaya ba

Ga yadda mataki ɗaya na zane yake a kan faifan silikon mai faɗin milimita 100. A gasa shi ya bushe, a turara masa sinadarin HMDS don shafin ya kama, a zuba ruwan shafi mai jin haske irin S1813, a juya shi sau 4,000 a minti ya bar kauri kusan maikiromita 1.3. A gasa a kan faranti mai zafin digiri 115 na minti ɗaya, a haska, a wanke a ruwan fito da zane na kusan minti ɗaya, a duba a madubin ƙara girma. Duk wannan a ƙarƙashin fitila ruwan ɗorawa ake yi, don farin haske yana ɓata shafin. Idan an tsallake busarwar farko, siraran layuka za su ɓare su bi ruwa. Idan hasken ya yi kaɗan, ragowar shafi zai zauna a gindin rami ya hana sassaƙa. Ƙura guda mai girman maikiromita ɗaya ta isa ta yanke waya, shi ya sa ɗaki mai darajar tsabta ta ISO 5 ba ya barin ƙwayoyin da suka kai rabin maikiromita su wuce 3,520 a kowace kubik mita ta iska, alhali ɗakin zama yana ɗauke da miliyoyi.

Na'ura mai allunan zane biyar za ta bi wannan hanya sau biyar, ban da ɗora shafuka da sassaƙa. Idan matakan ashirin ne, ko da kowanne yana yin daidai kashi 95 cikin ɗari, abin da zai fito lafiya a ƙarshe bai wuce kashi 36 ba. Saboda haka kasafin da ya tanadi zagaye ɗaya kacal, masu tantancewa na ganinsa za su san mai shi bai taɓa sa rigar ɗakin ba. A tanadi aƙalla zagaye uku, da faifan gwaji na daidaita kowace na'ura, da kuɗin sake buga allon zane, da makonnin da na'ura za ta lalace ana jiran gyara.

Masu ƙera sassa masu motsi su sa ido kan matakin ƙarshe. Idan aka narkar da abin da ke tallafe da ɗan siririn katako na silikon, aka bar ruwan ya bushe da kansa, ƙarfin jan da ruwan ke yi zai janyo shi ƙasa ya manne, ba ya kuma tashi. Maganinsa busarwa da iskar kabon dayoksaid a sama da digiri 31 da matsi kusan 74 a ma'aunin bar, ko a yi amfani da tururin HF. Ka tabbatar ɗakin da ka zaɓa yana da ɗaya daga cikinsu.

Takardar neman kuɗin

Fara rajista da wuri: SAM.gov don samun lambar kamfani, rajistar hukumar ƙananan kamfanoni ta SBA, da Research.gov. Ta SAM tana iya ɗaukar makonni, kuma abin da ya fi maƙalar da ita shi ne bambancin suna ko adireshi tsakanin takardun haraji da na rajista. Kyauta ce, kada ka biya kowa.

NSF ba ta karɓar cikakkiyar takarda sai ka fara tura gajeren bayani mai sassa huɗu: sabon abin da ka zo da shi, matsalolin fasahar da za ka warware, kasuwa, da mutanen kamfanin. Idan an gayyace ka, sai ka rubuta bayanin aikin da bai wuce shafi 15 ba. Kashi-kashi ake ba da tallafin: a sanarwar 2024, kashin farko ya kai dala 305,000 na wata 6 zuwa 18, kashi na biyu kuma dala miliyan 1.25 na shekara biyu. Hukumar ba ta karɓar hannun jari.

Abin da take biya shi ne binciken da zai iya faɗuwa. Wanda ya rubuta cewa komai ya tabbata, saura ƙerawa kawai, ya kori kansa. Ka faɗi tambayar da babu wanda ya amsa tukuna, ka sa mata ma'auni da lamba: bambancin kaurin shafi kada ya wuce kaza a faɗin faifai, na'urori kaza cikin ɗari su yi aiki a zagaye na uku. Ka haɗa da farashin ɗakin ƙira a rubuce, da wasiƙa daga kamfanin da ke son sayen abin idan ya yi.

A SBIR kamfani ne zai yi aƙalla kashi biyu cikin uku na aikin kashin farko, da rabi a kashi na biyu. A STTR kamfani na yin aƙalla kashi 40, jami'a aƙalla kashi 30. Idan fasahar daga ɗakin binciken wani farfesa ta fito, kuma ɗalibansa ne suka san sirrinta, STTR ta fi dacewa. Kuɗin ɗakin ƙira na iya taɓa wannan lissafi, don haka ka tambayi jami'in shirin a rubuce yadda za a ƙirga shi kafin ka rufe kasafi.

Idan kuɗin ya fito, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta bar wa kamfani mallakar abin da ya ƙirƙiro, bisa sharaɗin ya sanar da hukumar ta shafin iEdison cikin wata biyu da samun rahoton mai ƙirƙirar, ya kuma bayyana cewa zai riƙe mallakar cikin shekara biyu. Wanda ya yi sakaci da waɗannan ranaku, gwamnati na da ikon karɓe mallakar. Ka riƙa rubuta lambar kowane faifai, na'urar da ya shiga, ranar, da saitin da aka yi amfani da shi, domin da wannan littafin za ka gano inda zagaye na biyu ya kauce, kuma daga cikinsa za ka ciro alƙaluman neman kashi na biyu.