Yadda ake sabunta falo da adon da ake yayi yanzu

Ba da jimawa ba, falon da ake cewa ya haɗu shi ne wanda aka cika maƙil: manyan kujeru masu ruwan zinare, silin ɗin POP hawa uku, shogilas shaƙe da tangaran, ga labule mai kauri da geza. Yanzu ido ya juya. Abin da ake yayi shi ne falo mai sarari, launukan ƙasa, kayan aikin hannu da haske mai laushi. Ko kamfanin Pantone, da ke fitar da launin shekara, ruwan ƙasa ya zaɓa wa shekarar 2025, ya sa masa suna Mocha Mousse. Wannan yayin ya yi mana daɗi, don yawancin kayansa muna da su a kasuwanninmu. Inda ake samun tangarɗa shi ne farawa daga ƙarshe, a kashe kuɗi a kan kujeru alhali ba a duba bango ba. Uwargida, ga yadda za ki jera aikin.

Mataki na farko: awo da rage kaya

Ki samo tef ɗin awo ki auna tsawo da faɗin falon, da faɗin ƙofa, da tagogi. Ki zana a takarda, ki nuna inda soket yake da inda rana ke shigowa da yamma. Takardar nan ta zauna a jakarki duk lokacin da za ki kasuwa. Kujeru nawa aka saya, sai da aka kawo su bakin ƙofa aka ga ba za su shiga ba?

Daga nan ki fitar da komai waje. Abin da za ki mayar shi ne wanda ake amfani da shi ko wanda idonki ke so da gaske. Furannin roba da suka koɗe, kalandar shekarun baya, kofunan biki da ba a taɓa shan ruwa da su ba, duk su koma sito ko a kyautar.

Mataki na biyu: lafiyar bango

Nan ne aka fi yin ha'inci, kuma nan ne kuɗi ke ɓacewa. Ki duba ƙasan bangon, wajen kamu biyu zuwa uku daga daɓe. In kin ga fenti na kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar gishiri na fitowa, bangon na jan ruwa ne. Ko dai damshi na tasowa daga ƙasa, ko bututun banɗaki na yoyo ta baya, ko indararo na zuba a jikin ginin da damina. A nemo tushen a toshe, a kankare wurin, a bar shi ya bushe sarai. Mai fenti zai iya ce miki shafi biyu zai rufe. Zai rufe, amma zuwa Agusta zai dawo.

Mutane da yawa yanzu suna lulluɓe irin wannan bango da allunan roba masu tsaga-tsaga a tsaye, waɗanda ake yayi a bayan talabijin. Allunan suna da kyau, sai dai in an manna su a kan damshi, ruwan na nan a ciki yana aikinsa, ga wari, ga kyankyasai sun sami gida.

Mataki na uku: wuta da silin, kafin a taɓa fenti

Duk wata fasa bango da mai wayarin zai yi, ya gama ta yanzu. Ki sa ya ƙara soket kusa da wurin zama saboda cajin waya, ya kuma binne bututun da wayoyin talabijin za su bi, kada su riƙa lilo.

Silin mai hawa-hawa da fitilu shuɗi da ja ya fara zama tsohon yayi. Wanda ake yi yanzu shimfiɗaɗɗe ne, da ɗan lungu a gefe inda ake ɓoye zaren fitilar LED, haskenta ya daki silin ya dawo a hankali. Wannan ya fi araha, bai kuma rage tsayin ɗaki ba. A garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, tsayin silin ba abin wasa ba ne. Kar ki yarda a cire fanka don wai tana ɓata ado. A ƙarfafa mata ƙugiya tun kafin a rufe silin ɗin.

Wajen sayen ƙwan fitila, ki karanta lambar da ke jikin kwali. Mai 6500K fari ne fat, ya dace da kicin, amma a falo yana sa launin ƙasa ya yi fatalwa. Mai 2700K zuwa 3000K shi ne mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda ke kwantar da ido. Ki raba makunni, na silin daban, na gefe daban, yadda in an koma kan sola ko batir za ki kunna kaɗan kawai.

Mataki na huɗu: launi

Masu adon ɗaki suna da wani ma'auni mai sauƙi: kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama launi ɗaya mai sanyi, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 kuma mai ƙarfi. Misali bango ruwan madara, kujeru da labule ruwan ƙasa, matasan kujera kuma shuɗin baba. Fari tas yana da kyau a hoto, amma a ƙasar da ake hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wahala ce kawai. Ruwan yashi, ruwan toka mai ɗumi, jan ƙasa da koren ganyen zaitun sun fi ɗaukar ƙura ba tare da sun tona asiri ba.

Kafin ki sayi bokiti, ki sayi ƙaramin gwangwani a shafa a bango, ki kalle shi da safe, da la'asar, da kuma dare ƙarƙashin fitila. Gidan da ke da yara ya nemi fenti mai ɗan santsi da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Bango ɗaya ya isa a yi wa ado na musamman. A nan ne nake ganin mun fi kowa abin yi. Magina a Kano da Zariya da unguwar Birni ta Damagaram sun daɗe suna fitar da zane a jikin bango da hannu, su shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har yau masana gini na zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, da zanen cikinsa. Mai aikin POP da ya iya hannunsa zai fitar miki da Dagin Arewa ko wani zane irin na soro a tsakiyar bango, a shafe shi da launin bangon, inuwa kaɗai ta nuna shi. In aka bi shi da kala biyar, ya koma ɗakin taro.

Mataki na biyar: daɓe

In tayil ɗinki lafiya lau yake, ki bar shi. In za a canza, a yi kafin shafin fenti na ƙarshe. Manya masu santimita 60 da 60 ko 60 da 120 sun fi, don layukan da datti ke maƙalewa ba su da yawa. Ki guji mai ƙyalli sosai, yana da santsi in ƙafa da ruwan alwala. Kafet daga bango zuwa bango ma'ajiyar ƙura ce. Darduma ta tsakiya wadda za a iya fitarwa a kakkaɓe ta wadatar, amma ta yi girman da ƙafafun gaba na kujeru za su hau kanta.

Mataki na shida: wurin zama

Sai yanzu kujeru. Waɗanda ake yayi gajeru ne, marasa sassaƙa, wasu da lanƙwasa a gefe. Akwai salon da ake kira Japandi, haɗin adon Japan da na ƙasashen arewacin Turai, wanda ya ginu a kan katako tsura da zama kusa da ƙasa. Mu dai zaman ƙasa ba baƙonmu ba ne. Kujera mai mutum uku da mai mutum biyu, sai tumtum na fata biyu ko uku, sun fi saitin mutum bakwai da ya toshe hanya. In gidan na yawan baƙi, a jera kushin irin na Larabawa a jikin bango ɗaya.

Ki bar santimita 40 zuwa 45 tsakanin kujera da tebur, hanyar wucewa kuma kada ta gaza santimita 75. In kafinta ne zai yi miki, ki je ki ga katakon kafin a rufe shi da yadi, ki danna soson da hannu ki ga ko yana dawowa da sauri. Ɗanyen katako kan tsage da zarar iskar hunturu ta buge shi. Yadi mai gashi-gashi irin na tunkiya da ake gani a Instagram, ki bar wa masu sanyi. Ki nemi mai saƙa matsattsiya, matasan kuma masu zif don a cire a wanke.

Mataki na bakwai: labule da kayan ado

A kafa ƙarfen labule kusa da silin, ba a saman taga ba, labulen ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Ɗakin zai yi kamar an ƙara masa tsayi. Yadin ya ninka faɗin taga sau biyu don ya yi tattara. Shara-shara ta jikin taga, mai kauri a kansa saboda ranar yamma. A Kantin Kwari za ki samu ko wane iri, ki je da guntun yadin kujerarki ki gwada.

Kayan ado kuwa, ki zagaya Kasuwar Kurmi kafin ki shiga kantin kayan waje. Faifai biyar ko bakwai masu girma daban-daban, a jera su a bango, sun fi hoton gadar wani gari da ba ki taɓa zuwa ba. Ƙyallen rini daga Ƙofar Mata, marinar da ake danganta kafuwarta da 1498, in aka sa shi a firam ya zama abin kallo. Luru ko gwado a yafa a hannun kujera. Tulu ɗaya babba a kusurwa, irin aikin da ya kai Ladi Kwali kan takardar Naira 20. Kaskon turaren wuta ma ya sami gurbinsa a kan tebur.

In kina son shuka mai rai, moda da alobera suna jure zafi da mantuwa. Ki sa su a tukunyar ƙasa mai huda a gindi, da faranti a ƙarƙashi, ki riƙa zubar da ruwan da ya taru a farantin saboda sauro. Ganyen moda kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma duk mako in ƙura ta kankama.