Kurakuran da aka fi yi a tarihin rikicin sarkin Ingila da majalisa

Kuskuren da na fi cin karo da shi a takardun ɗalibai shi ne a ɗauka majalisar Ingila ta ƙarni na 17 kullum tana zama kamar ta yau. Sarki ke kiranta, shi ke sallamarta, kuma yawanci sai baitulmali ya bushe ake tunawa da ita, domin sabon haraji sai da yardarta. Sarki Charles na Ɗaya ya yi shekara 11, daga 1629 zuwa 1640, bai kira ta ba. Saboda haka duk inda ka ga an kira majalisa, ka nemi abin da ya matsa wa sarki. A 1640 yaƙi da mutanen Sikotland ne, kan littafin addu'o'in coci da ya tilasta musu.

Wani abin da ke damuna shi ne mayar da 'yan majalisa wakilan talakawa. A karkara, sai mai gonar da ke kawo sule 40 a shekara ke jefa ƙuri'a. Ɗan majalisa John Hampden, wanda ya ƙi biyan harajin jiragen ruwa har aka kai shi kotu a 1637, babban mai filaye ne. Ba rashin kuɗi ya hana shi biya ba. Cewa ya yi majalisa ba ta amince da harajin ba.

Kuma ba kullum ake zaman doya da manja ba. Da dokar majalisa Henry na Takwas ya tabbata shugaban cocin Ingila a 1534. Igiya ta tsinke ne ranar 4 ga Janairu 1642, da Charles ya shiga zauren da kansa, dakarunsa na bakin ƙofa, don kama 'yan majalisa biyar. Ya zauna a kujerar kakaki, ya duba, ya tarar sun gudu ta kogin Thames.

Sai masu rufe labari da fille kan Charles a 1649, bayan yaƙin basasa tsakaninsa da majalisa, su ce majalisa ta yi nasara. Ai sojoji sun riga sun tankaɗe ta a Disambar 1648, Oliver Cromwell, jagoran sojojin, kuma ya kori ragowar a 1653, sarauta ta dawo a 1660. Shekarar da za ka riƙe ita ce 1689, lokacin da Dokar Haƙƙoƙi ta haramta wa sarki dakatar da doka ko karɓar haraji shi kaɗai. Ko bayan nan, Sarauniya Anne ta ƙi sa hannu kan wata doka a 1708.