Yadda Ake Ziyartar Tsohon Birnin Kano Tare da Fahimtar Gine-ginensa

Mai son ya fahimci tsohon birnin Kano zai fi amfana idan ya fara da hawa dutsen Dala da sassafe, domin daga samansa ne ake ganin shimfiɗar gari da ragowar ganuwa, wadda Kanawa suka fi kira badala. An fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Kududdufan da za ka hango a tsakanin unguwanni, yawancinsu ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu.

Idan ka sauko, sai ka nufi inda badalar ta rage a tsaye, ka dubi wurin da ruwan sama ya zaizaye. A nan ne tubali yake bayyana: curin ƙasa da aka mulmula da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka shanya shi a rana, sannan aka jera shi gindi a ƙasa ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Katangar tana da kauri ƙwarai a gindi, tana raguwa yayin da take hawa. Daga nan sai ƙofofi, kamar Ƙofar Na'isa, da Ƙofar Ɗan Agundi, da Ƙofar Kabuga inda sojojin Ingila suka shigo a 1903. Ya kamata ka sani cewa da yawa daga cikinsu an sake gina su da siminti saboda faɗaɗa hanya, don haka ka tambayi mai yi maka jagora wane ɓangare ne na asali kafin ka ɗauki hoto ka ce na zamanin Rumfa ne.

Mataki na gaba shi ne Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne kusa da fadar Sarki, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta ka ɓata lokaci. Kafin ka shiga, dubi saman ginin: tsinin da ke tsaye a kusurwoyi shi ne zanko, ƙaramar katangar da ta kewaye rufi ita ce rawani, bututun da ya leƙo waje don zubar da ruwan sama nesa da bango kuwa shi ne indararo. Ɗakin farko da za ka taka shi ne zaure, inda maigida yake karɓar baƙi maza, kuma a tsarin gidan Bahaushe baƙo ba ya wuce shigifa, wato ɗakin shiga na biyu bayan zaure, ya shiga cikin gida sai da izini.

Da ka shiga soro, ɗaga kanka sama. Itatuwan da aka jera a rufi su ne azara, wato gangar giginya da aka tsaga, an kuwa zaɓe ta ne saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Matsalarta ita ce idan tazarar ta wuce kusan mita biyu sai ta lanƙwasa da nauyin ƙasa, kuma wannan ne ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo: ana dasa azara a cikin bango ta kowane gefe, a ɗaura wata a kanta da igiya tana ɗan ƙara matsowa tsakiya, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Inda irin waɗannan bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi ana kiransa ɗaurin guga, kubbar da take zaune a kansu kuma tulluwa ce. Sau da yawa za ka ga an manna tasa ko kwano a mahaɗar don ado. Wanda wannan aiki ya burge shi sai ya ƙarasa Zariya ya ga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ko da yake yanzu ginin zamani ya kewaye shi.

Sai ka kula da shafen bango. Jan shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa shi ne makuba. Laso kuma, wanda yake hana ruwa ratsa rufi, ana haɗa shi ne da katsi da gashin jima, wato gashin da ake cirewa daga fata wurin jima, da dafara, wato wani tsiro mai yauƙi. Katsin nan daga gindin rijiyar rini ake kwaso shi, saboda haka idan ka biya marinar Ƙofar Mata bayan ka fito, ka roƙi marina su nuna maka shi, su kuma bayyana maka yadda ake ƙona shi a daka kafin ya kai hannun magini.

Game da Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, fada ce da ake zaune a cikinta har yau, shigarta sai an nemi izini tun da wuri. A masallaci da zauren malamai a cire takalmi a yi sallama, kada a ɗauki hoton mutum sai ya amince, kuma kada a hau badala ko a jingina da tsohon bango, musamman da damina lokacin da ƙasa ta jiƙa.