Yadda zaka yi zanen shaguɓe kan rashin matsuguni ba tare da ka ci zarafin masu kwana a titi ba

Duk wanda ya taɓa fita da asuba a babban birni ya gansu. Ƙarƙashin gada, bakin shagon da aka kulle, gefen tashar mota, wani ya shimfiɗa kwali wani ko kwalin ma babu, takalminsa ne matashin kai dan kar a sace. Gari na wayewa sai su naɗe su ɓace, mu kuma mu wuce kamar ba a yi ba. To in kana da hannun zane, ko kana iya haɗa hotuna a waya, kuma abun nan ya tsaya maka a rai, akwai aikin da zaka iya yi wanda dogon rubutu baya iyawa, dan mutane sun gaji da karanta rahoto amma hoto ɗaya mai habaici yana tsayar da yatsan mai shafa waya.

Kafin ka ɗauki fensir, ka tambayi kanka wa za'a yiwa dariya in an ga zanen nan. Wannan ita ce maganar gaba ɗaya, sauran duk bayani ne. Ni farkon zanen da nayi akan wannan batu mutum na zana da tsumma, ƙuda na binsa, yana miƙa hannu ga wani dogon gini mai gilashi, a tunanina ginin nake zagi. Sai wani bawan Allah da ya taɓa shafe watanni yana kwana a waje ya kalla yace min, to ai ni ka zana, ginin nan kam lafiyarsa lau. Maganar ta daɗe tana min ciwo dan gaskiya ya faɗa, duk ƙarin gishirin da nayi a jikin talakan na zuba shi, ginin ya fito tsaf da kyansa. Tun daga ranar na gane cewa mai kwana a titi a zana shi yadda yake, mutum cikakke mai fuska da hankali, ita kuwa ba'ar a kaita kan abunda ya fito dashi titi, wato dokar, da kuɗin hayar, da katafilar rusau, da bencin da aka ƙera dan kar ya kwanta.

Bencin nan ma shine wuri mafi sauƙi da zaka fara. Ka fita da ƙafa, waya a hannu, ka zaga tsakiyar gari kana kallon abubuwan da aka gina ba dan amfanin kowa ba sai dan korar wani. Benci mai ƙarfe a tsakiya wai na ɗora hannu ne, alhali an sashi ne dan kar a miƙe a kai. Benci mai gangara da ba'a iya zama minti goma. Duwatsu masu tsini da aka dasa da siminti ƙarƙashin gada, kusoshi a bakin taga, fitila mai kashe ido da ake bari a kunne har safe. Ka ɗauki hotonsu, ka rubuta rana da wuri, in da hali ka auna tsawon. Zaka ga rabin aikin an gama maka shi, saboda abun da kansa ya riga ya zama abun kunya, kai naka kawai ka ɗan tura shi gaba kaɗan har mai kallo ya farga.

Ga yadda wasu suka tura shi. A 2008 wani mai zane ɗan Jamus, Fabian Brunsing, ya ƙera benci mai kusoshi a wurin zama, sai ka jefa sulalla kusoshin su shige ciki ka zauna, lokacinka na cika ƙararrawa ta buga su sake fitowa. Bai rubuta kalma ko ɗaya ta wa'azi ba, amma duk wanda ya gani ya fahimci inda aka dosa in har zama ma sai da kuɗi. Ita kuma Sarah Ross a Los Anjalis ta ɗinka wasu kaya masu ƙullutun soso a baya da ƙugu, an yankasu daidai da ramukan irin waɗannan bencina, yadda in ka saka zaka iya kwanciya a inda aka hana kwanciya. A Faransa, gidauniyar da a lokacin ake kira Abbé Pierre ta fara wani bikin bada lambar yabo a 2019 mai suna Pics d'Or, wato kusoshin zinare, ana karrama mafi munin abubuwan da aka kafa dan korar marasa matsuguni, da sanarwa da tafi kamar bikin taurarin fim. Dabara ɗaya ce a duka ukun, ka ɗauki tunanin mai korar ka bishi har ƙarshensa da fuska a ɗaure, ka barshi ya tona kansa.

Akwai kuma hanya mai taushi. A watan Disamba 2019 Banksy, wani mai zanen bango ɗan Ingila, ya zana barewa biyu irin na ƙasashen ƙanƙara a jikin bango a Bamingam ta Ingila, daidai gefen wani benci, yadda in mutum ya kwanta akan bencin sai ya zama kamar suna jansa sama cikin keken rabon kyaututtukan Kirsimeti. Mutumin dake kwance ba'a taɓa mutuncinsa ba ko kaɗan, habaicin ya faɗa kan garin dake shagali yana tsallake shi.

Yanzu maganar haƙƙi, kuma anan nake so ka ɗan zauna kayi karatu, dan zanen da bashi da tushe tausayi kawai yake jawowa, a ce wayyo a wuce. Matsuguni ba alfarma bane. Sashe na 25 na sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ambaci gida cikin abubuwan da kowane mutum yake da haƙƙin samu, sashe na 11 na yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ta 1966 ya sake nanatawa. A 1991 kwamitin dake kula da yarjejeniyar ya fayyace cewa gida ba rufi da bango kaɗai bane, sai ya zama ba za'a tasheka haka kawai ba, da ruwa da wuta da magudana, kuɗinsa bai cinye abunda zaka rayu dashi ba, baya barazana ga lafiyarka, naƙasasshe da tsoho zasu iya shiga, yana kusa da aiki da makaranta da asibiti, kuma ya dace da yanayin rayuwar mutanen. Kowane ɗaya cikin bakwai ɗin nan zane ne mai zaman kansa. A 1997 kwamitin ya ƙara magana kan korar dole, yace sai an tuntuɓi mutane, an basu notis mai ma'ana, kar a tashesu cikin dare ko cikin mummunan yanayi, kuma bai kamata korar ta barsu ba wurin kwana ba. To ka ajiye wannan a gefe ɗaya, ka ajiye hoton katafila da asuba cikin ruwan sama a ɗaya gefen, ka gani ko kana buƙatar ƙara wani abu.

Tazarar dake tsakanin abunda aka rubuta da abunda ake yi, nan ne gonarka. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya sa haƙƙin matsuguni a sashe na 26, a shekarar 2000 wata mata mara matsuguni, Irene Grootboom, da mutanenta suka ci nasara a kotun tsarin mulki, shari'ar da har yau ɗaliban lauya ke karantawa a duniya, amma ta rasu a 2008 tana cikin ɗakin langa-langa bata samu gidan ba. A Amurka kuma, watan Yuni 2024, kotun ƙoli ta yanke da rinjayen alƙalai 6 akan 3 a shari'ar garin Grants Pass cewa gari zai iya hukunta mutum dan ya kwana a fili. Tarar kuɗi akan wanda bashi da kuɗin ɗaki. Irin wannan baka buƙatar ƙirƙiro komai, ka zana takardar tarar ana neman adireshin da za'a aika ta, shikenan. Sai dai ka duba dokar ƙasarka da ta garinka tukunna, dan ba ko'ina ne aka sa haƙƙin a cikin abunda kotu zata iya tilastawa ba, kar kaje ka rubuta abunda za'a ƙaryata ka cikin minti biyu.

Wajen zaman zanen kansa, ka zaɓi abu ɗaya. Kar ka cusa mai gida da dillali da ɗan sanda da ɗan siyasa duk a shafi guda, ido zai rasa inda zai sauka. Kayi ƙananan gwaji kamar goma a takarda, kowanne bai fi tafin hannu ba, sannan ka zaɓi wanda ake ganewa ba tare da kayi bayani ba. Wata dabara mai ci ita ce aron harshensu, ka kwaikwayi allon tallan dillalan gidaje, da irin rubutunsu da kalolinsu, ka tallata ƙarƙashin gada, wai iska ta ko'ina, kusa da titi, ba ruwanka da kuɗin wuta. Ko ka juya al'amarin, ka zana jerin gidaje da aka kulle shekara da shekaru ba kowa ciki, da maigadi yana gadin ɗakunan da babu mai kwana, a bakin ƙofar kuma iyali da ƙullin kayansu. Rubutu ya zama kaɗan, layi ɗaya ko biyu. In ka gama ka rage girmansa a waya ka miƙa wa wanda bai san me kake nufi ba, kar kace komai, ka kalli fuskarsa. In ya tambayeka me ake nufi, koma kan tebur.

Sannan ka kaishi wurin mutanen da abun ya shafa kafin ka sake shi. Wannan mutane da yawa suna tsallakewa saboda nauyi ko tsoro, kuma shine mafi muhimmanci bayan tambayar farko. Ka gaida mutum, ka faɗi sunanka da abunda kake yi, ka zauna in ya yarda. Kar ka ɗauki hoton mai barci, barci shine kaɗai sirrin da ya rage masa. In zaka yi amfani da fuskar wani sai da izininsa, kuma ka gaya masa a ina za'a gani, dan akwai wanda danginsa basu san halin da yake ciki ba, akwai mai aikin da za'a iya kora, akwai matar da ta gudo ne daga mai dukanta. Kar kuma ka nuna takamaiman inda suke kwana, zanenka zai iya zama taswira ga masu zuwa korarsu. In an sayi aikin ko an baka wani abu akansa, suna da rabo. Kuma wallahi in ka saurara zaka ji shaguɓen da yafi naka kaifi a bakinsu, su suka san abun daga ciki.

Ka kula da kanka ma. Honoré Daumier, mai zanen shaguɓe ɗan Faransa, wanda a wajajen 1847 yake zana rigimar 'yan haya da masu gida a jaridar Le Charivari ta Paris, tun kafin nan, a 1832, sai da aka ɗaure shi wata shida a kurkuku saboda zanen da ya yiwa sarki Louis-Philippe. Masu iko basa son dariya, har gobe. Dan haka in zaka ambaci sunan mutum ko kamfani, ya zama kana da takarda ko hoto a hannu, in babu ka zana kujerar ka bar mai ita. Fenti a bangon da ba naka ba laifi ne a yawancin garuruwa, ka nemi izinin mai bangon, ko kayi da alli, ko ka yanka kwali ka riƙe a wurin a ɗauki hoto ka tafi da abunka. Sa hannunka a cikin zanen ba a gefe ba, dan in ya shiga WhatsApp za'a yanke gefen, kuma ka ajiye asalin a wuri biyu.

A ƙasan hoton in ka ɗora a Facebook ko Instagram, ka faɗi abu ɗaya da kake so ayi. A cire kusoshin wuri kaza, a dakatar da rusau har a samarwa mutane inda zasu koma, a buɗe gini kaza da yake kulle. In an ce maka ai ba mafita, ka tuna musu Finland, tun 2008 suka ɗauki tsarin fara baiwa mutum gida tukunna sannan a taimaka masa da sauran matsalolinsa, suka maida manyan ɗakunan kwanan wucin gadi zuwa gidajen zama na dindindin, yawan masu daɗewa a titi ya ragu sosai. Kuma hoto yana motsa abu, ba tatsuniya bace. A Landan a 2014 hoton kusoshin da aka dasa a ƙofar wani gini ya zaga intanet, mutum sama da dubu 100 suka sa hannu a takardar koke, aka tumɓuke su. A Sao Paulo ta Birazil a 2021 wani limamin coci, Júlio Lancellotti, ya ɗauki guduma ya hau fasa duwatsun da aka dasa ƙarƙashin gada, hoton ya bazu, zuwa ƙarshen 2022 aka yi dokar ƙasa mai ɗauke da sunansa da ta hana irin wannan gini a wuraren jama'a.

Bayan sati biyu ko uku ka koma wurin da ka ɗauki hoton farko, ka tsaya daidai inda ka tsaya, ka sake ɗauka. In an cire, ka nuna, ka faɗi cewa an cire. In yana nan, ka jera hotunan biyu da kwanan watansu ka sake ɗorawa, sannan ka nemi mutumin da kuka zauna dashi ka gaya masa inda aka kwana.