Darasi na Bakwai: Kula da Esi a Gida da Abin Dubawa Kafin a Kira Mai Gyara

Mafi yawan esin, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ake cewa ya lalace a garin nan namu na Gombe lafiyarsa ƙalau, ƙura ce ta toshe shi ko kuma wutar da ake ba shi ce ba ta kai ba. Amma da zarar sanyi ya ragu sai kowa ya ce gas ya ƙare, a kira yaro ya zo da tukunya ya ɗura a biya shi, bayan wata biyu kuma a dawo gidan jiya. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don kuɗi ne na gumi ake zubarwa. Ko ba ku da esi a gida darasin zai yi muku amfani, da yawa a cikinku ku ne masu kunna na masallaci ko na shago ko na gidan da kuke aiki, kuma in ya tsaya ku ake fara tambaya.

Esin da aka fi sawa yanzu gida biyu ne, akwai na ciki da ke maƙale a bango yana huro sanyi, akwai na waje mai fanka da injin da ake kira kwamfureso. Bututu biyu na jan ƙarfe ne suka haɗa su, ɗaya siriri ɗaya mai kauri, a cikinsu gas ɗin ke zagayawa. Aikinsa shi ne ya kwashi zafin ɗaki ya kai waje ya zubar, ya dawo ya ƙara kwasa. In kuna so ku tabbatar, lokacin da yake aiki ku je ku tsaya gaban na wajen, za ku ji iska mai zafi tana dukan ku, to zafin ɗakinku ne ke fita. Ke nan duk abin da ya hana iska shiga na ciki, ko ya hana zafi fita daga na waje, ya hana sanyi.

Mu fara da raga, wato filta. Tun daga watan Nuwamba har Fabrairu ƙurar hunturu ke sauka a kan komai, mutane kuma ba sa kunna esi lokacin, sai Maris ya shigo zafi ya fara kaiwa digiri 40 a tashi a kunna shi haka nan da ƙurar wata huɗu a cikinsa, ai dole ya kasa. Ga yadda ake yi. A fara kashe shi da rimot sannan a kashe makunnin bango, wannan ba abin wasa ba ne. A sa hannu biyu a gefe da gefen murfin gaba a ɗaga sama, zai tsaya da kansa. Za ku ga raga guda biyu masu laushi irin ta roba, kowace tana da ɗan kunne a ƙasa, a ɗan tura ta sama kaɗan sai a zaro ta ƙasa a hankali. A ɗaga ta a haske, in ba kwa hango komai ta cikinta to ta toshe, wani lokaci ma za ku ga ƙurar ta kwanta ta yi kauri har tana ɓarewa falle-falle. A fita da ita waje a kakkaɓe, a zuba mata ruwa ta bayanta yadda dattin zai fita ta inda ya shiga, in akwai maiƙo a sa ɗan omo da soso mai laushi. Ban da ruwan zafi, ban da burushin ƙarfe, ban da matsewa. A jingine ta a inuwa ta bushe sarai, rana tana lanƙwasa ta, kuma in aka mayar da ita da danshi ɗaki zai riƙa warin gumi. Duk sati biyu a yi haka in ana amfani da shi kullum, wanda gidansa ke bakin titin da ba kwalta, irin lungunan Bolari ko Pantami da babura ke tada ƙura dare da rana, gara ya duba duk sati. Mata ma za su iya, Hajiya ba sai kin jira maigida ya dawo ba, kujera mai ƙarfi kawai kike buƙata da wanda zai riƙe miki ita.

Bayan ragar za ku ga wasu siraran ƙarafa jere reras, kar a taɓa su da yatsa, suna yanka kuma suna lotsewa. Wankin su na mai gyara ne, sau ɗaya a shekara ya isa, kuma lokacin da ya fi dacewa ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama masu gyara su yi wuyar samu.

Na waje shi ne maraya, ba mai kula shi. An jingina masa buhun dusa, an shanya tabarma a kansa, kaji na kwana a bayansa suna tsattsage baƙin soson da aka naɗe bututu da shi, gashinsu da ledar fiya wata duk sun manne a jikin ƙarafan baya. A kwashe komai a bar masa fili ta gaba da ta baya. A kashe wuta, a share da tsintsiya mai laushi daga sama zuwa ƙasa, sannan a zuba ruwa a hankali a kan ƙarafan bayan, amma kar ruwa ya je gefen da wayoyi suka shiga. In rana na dukansa tun hantsi har la'asar a yi masa 'yar rumfa daga sama can, ba a rufe shi ruf ba. Soson bututu in ya zagwanye a sa a naɗa sabo, ba shi da tsada. Sannan ƙadangaru da tsaka suna son ɗumin cikinsa, su shiga su hau kan fanel, wato allon da ke sarrafa wutarsa, su haɗa wuta su ƙone shi su ma su mutu a nan, musamman irin na zamani mai inbata wanda fanel ɗinsa ke da tsada, don haka in akwai ɓula a inda wayoyi suka shiga a sa mai gyara ya toshe.

Sai matsalar ɗigar ruwa a cikin ɗaki. Esi yana tsotse danshin iska ya mai da shi ruwa, ruwan ya taru a wani ɗan kwararo a cikin na ciki ya bi tiyo ya fita waje, da damina ma ya fi yawa. In kuka ga ruwa na bin bango ko yana ɗiga kan katifa, ku zagaya ku duba bakin tiyon nan. Sau da yawa zanzaro ne ya yi gininsa na laka a ciki ya liƙe bakin, ko yara sun cusa tsinke, ko tiyon ya lanƙwashe, ko an tsoma bakinsa cikin bokitin da ya cika. A sa ɗan kara a fasa ginin, za ku ga ruwan da ya taru ya zubo gaba ɗaya har da wani kore-kore mai yauƙi. In an buɗe bakin amma bai daina ba to toshewar na can ciki ko kuma tun wajen kafawa ba a ba tiyon gangare ba, wannan sai mai gyara.

Yanzu maganar wuta, ita ce ke kashe kwamfureso, kuma kwamfureso shi ne mafi tsada a jikin esi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ya kamata ta kasance, to amma kun san yadda take zuwa da daddare a lokacin zafi da kowa ya kunna kayansa, ƙwan lantarki ya yi ja, fankar sama tana juyawa da kyar. A irin wannan wuta kwamfureso yana ta yunƙurin tashi ya kasa, ya yi zafi, in aka ci gaba da tilasta shi ya ƙone. In kun ga wuta ta yi ƙasa ku kashe esi ku haƙura da fanka. Wanda ke da hali ya sayi sitabilaiza daidai ƙarfin esinsa, ko aƙalla ɗan na'urar nan da ake sawa a soket mai yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi yawa. In NEPA suka ɗauke suka dawo nan take, ko kun canza daga janareta zuwa NEPA, a jira minti 3 zuwa 5 kafin a sake kunnawa, gas ɗin na buƙatar ya lafa tukuna. Yawancin esi suna yin wannan jiran da kansu, shi ya sa in kun kunna za ku ji iska kawai sai can na waje ya tashi, ba lalacewa ba ce, kar a yi ta danne-danne.

Esi layinsa daban yake so tun daga akwatin wuta, da waya mai kauri da birekarsa, ba a jona shi a ƙaramin ekstenshan tare da firij da dutsen guga. In kun taɓa soket kun ji zafi, ko kun ga ya yi baƙi, ko kuna jin ƙaurin roba, ku kashe daga bireka nan take ku nemo mai wayarin, gobara da yawa daga nan take farawa mutane na barci. Ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa mai gauraye da baƙin mai ba ya ɗaukar esi ko kaɗan. Kuma tunda maganar janareta ta zo, don Allah 'yan uwa kar a aje shi a cikin baranda ko gindin tagar ɗakin da aka rufe ana shan sanyi, hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba.

In na ciki na hura iska amma ba sanyi, ku fita ku saurari na waje. In kun ji yana gurnani uuummm na ɗan lokaci sai ya yi ƙas ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake, kuma wuta na da ƙarfi, galibi kafasito ne ya mutu. Wani ɗan gwangwani ne mai taimaka wa kwamfureso tashi, in ya lalace sau da yawa kansa kumbura yake yi, kuɗinsa kuma bai kai ko kusa da na kwamfureso ba. Ku san wannan don kar a ce muku injin ne ya tafi alhali gwangwani ne, ku ce a gwada kafasito tukuna a gabanku. Amma kar ku kwance da kanku, yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe komai.

To mu dawo kan gas. Gas ɗin esi ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa tukunya ta ƙare, shi zagaye yake yi a rufaffen bututu, in ba ɓula zai yi shekaru bai ragu ba. Duk ranar da aka ce muku gas ya ragu, ma'anarsa akwai inda yake tsiyaya, kuma in aka ɗura ba a toshe wurin ba, zai sake zurarewa. Don haka tambayar da za ku yi wa mai gyara cikin mutunci ita ce, Malam ta ina ya fita? Mai gaskiya zai kaɗa kumfar sabulu ya shafa a mahaɗar bututu, wajen notocin da ke gefen na waje da bayan na ciki, inda ke tsiyaya za ku ga kumfar na ta hura ƙwai-ƙwai. Ku ma kuna iya lura, in kun ga maiƙo-maiƙo da ƙura ta manne a wajen noti, alama ce, don gas ɗin tare da mai yake tafiya. Sai ya gyara wurin, ya sa injin bakyum ya zuƙe iskar da ta shiga, sannan ya ɗura yana duban geji.

Akwai gwajin da za ku yi da hannu. Bayan esi ya yi kamar minti 15 yana aiki, ku taɓa bututu mai kauri a inda ya shiga na waje, in ya yi sanyi yana gumi to da wuya a ce gas ne matsalar. In kuwa kun ga farar ƙanƙara ta kama bututu ko ƙarafan ciki, ku mai da shi kan fanka kawai har ta narke, ku wanke raga, ku sake gwadawa, don toshewar raga ma na kawo ƙanƙara. In ta dawo sai a kira mai gyara. Kar a sa wuƙa a ce za a ɓamɓare ta.

Gas ɗin ma iri-iri ne, a jikin na waje ta gefe akwai takarda da aka rubuta nasa, ku je ku karanta da kanku tunda yanzu kun iya, za ku ga R22 ko R410A ko R32. Ba a cakuɗa su, wanda aka rubuta shi za a sa. R22 na tsofaffi ne, duniya na janye shi a hankali bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana illa ga rufin ozon da ke can sararin sama yana kare mu daga hasken rana mai cutarwa, wanda zai sayi na hannu ya san da haka. R32 kuma yana iya kamawa in ya haɗu da harshen wuta, kar a yi walda ko shan taba kusa da inda yake tsiyaya. Duk wanda ya ce zai sa muku gas ɗin girki don ya fi araha ku sallame shi.

Rimot ma yana sa a kira mai gyara a banza. Yaro ya danna ya canza, sai a wayi gari ba sanyi. Ku duba fuskar rimot ɗin, alamar da ta yi kama da tauraro mai rassa ita ce ta sanyi, ɗigon ruwa na rage danshi ne, hoton fanka iska ce zalla, hoton rana kuma ɗumi ne a esin da ke da shi. In rubutun ya dusashe a canza batir. Lambar kuma a bar ta a 24 ko 25, sa ta a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, sai dai kwamfureso ya ƙi hutawa mita ta yi ta cin kati. Esi mai ƙarfin hos ɗaya da rabi yana cin yunit ɗaya ko ya ɗan haura a duk awar da injin ke aiki, ku lissafa na dare guda ku gani. A rufe ƙofa da taga, a sa labule mai kauri ta ɓangaren yamma, ɗakin da ba silin kuwa zafin kwano ba zai bar shi ya yi sanyi ba komai girman esin.

Aikin gida, kowa ya nemi esi ɗaya, na gida ko na masallaci ko na wajen aiki, ya nemi izinin mai shi, ya kwafo abin da aka rubuta a takardar gefen na waje a littafinsa, harafin R da lambar da ke biye da shi, ya kuma rubuta ko ragar na da datti ko babu. Ku zo da shi aji na gaba, da shi za mu koyi karanta sauran lambobin da ke jikin takardar.