Kurakuran da ke hana 'ya'yan ƙauye shiga aikin lafiya

Yaran Giwa, Soba, Kudan da Ikara masu burin aikin asibiti ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba. Tun a SS1 ake yin ɓarin. Yaro ya bar ajin kimiyya don abokansa ba sa ciki, ko don babu malamin Fiziks, sai ya gama sakandare sannan ya ji cewa makarantar jinya kiredit biyar take nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Darasin noma ba ya maye gurbin ko ɗaya. In makarantar ƙauyen ba ta da malaman kimiyya, a nema wa yaro gurbi a Zariya wurin 'yan uwa tun kafin ya shiga SS2. Wanda ya riga ya gama da gibi, ya sake zama kan darasin da ya faɗi a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara.

Sai kuskuren cewa "ko likita ko ba komai". Karatun likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya shekara shida ne, guraben kaɗan ne, masu nema kuwa daga ko'ina suke. Mun fi tausayin wanda ke maimaita JAMB shekara bayan shekara yana zaune a gida, alhali akwai jinya, ungozoma, gwaje-gwajen asibiti da haɗa magunguna. Akwai kuma kwas ɗin ma'aikatan lafiyar al'umma, CHEW na shekara uku da ƙaraminsa JCHEW na shekara biyu, irin waɗanda ake karantawa a makarantar Shehu Idris ta Makarfi, kuma masu wannan takardar su ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Wannan dama ce ga 'ya mace musamman: matan ƙauye da yawa sun fi sakin jiki su je awo in mace za su tarar.

Kuskuren da ya fi cin dukiyar iyaye shi ne makaranta marar rajista. A sayar da buhunan masara a biya, yarinya ta sa farin kaya shekara uku, ƙarshe babu lasisi. Kafin a ba da ko kwabo, a tabbatar sunan makarantar, da kwas ɗin kansa, yana jerin hukumar da ke ba da lasisi: NMCN in jinya ce ko ungozoma, ko CHPRBN in CHEW ne. Zaman shagon kemis ana koyon allura shi ma ba ya ba da lasisi, komai daɗewa.

A kula da suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. In takardar sakandare ta ce Abdullahi Musa, NIN ya ce Audu Musa, ko ranar haihuwa ta saɓa, wurin tantancewa ake tsayar da yaro. A ɗora takardun gefe da gefe, a gyara watanni kafin a buɗe rajista, don gyaran NIN na ɗaukar lokaci.